Gidan da Ba a Zazzaɓi

A gidan Hedimasta ba a zazzaɓi. Wannan magana ce tabbatacciya, shi da kansa ya kafa ta, kuma har yau ba a sami wanda ya musa ba. Jinin gidan mai ƙarfi ne, gadon kakanni. Hedimasta ya yi aikin makaranta har ya yi ritaya bai taɓa neman hutun ciwo ba, yana kuma sanar da duk baƙon da ya zauna har aka kawo masa ruwa.

Gaskiya ne akan sayi magani a gidan, amma duk na Mama ne. Ita ce mai ciwon kai, ita ce mai mura, ita ce mai ciwon baya irin na wanda ya daɗe a tsaye gaban allo. Akwai shekarar da mai kemis ɗin unguwa ya yi mamakin mace tana sayen maganin da maza kaɗai ake rubuta wa, amma da yake mutum ne mai ladabi, sai ya ƙunsa ya miƙa.

Auta, ƙaramar 'yar gidan, nas ce a asibitin da ake allurar rigakafin korona. Ta san wa yake shan maganin Mama. Ta kuma san ba a faɗa.

Abin ya daina zama na dariya shekarar da korona ta ɗauke mijin Yaya, babbar 'yar gidan. Yaya ta dawo gida da akwati da shiru. Hedimasta bai yi kuka ba. Ya tara iyali a falo ya yanke hukunci: yaron raggon jiki ne tun asali, kuma ba zai sake ba raggon jiki 'ya ba.

Sai ga shi wanda Auta take so kafinta ne siriri, mai shago a bayan asibiti. Gwaggo kuwa, yayar Hedimasta, tana da ɗa injiniya mai faɗin ƙirji da mota mai sanyi, kuma ba ta zuwa gidan ba tare da ta ambaci dukansu biyu ba.

"Wannan kafintan naki," in ji Gwaggo, "in iska ta taso sai an ɗaure shi da bencinsa."

Ranar allura ta biyu Hedimasta ya ce kowa ya zo lokaci ɗaya, har da Kafinta, har da Injiniya. Auta ce ta yi musu. Ta goge dantsen mahaifinta da auduga.

Da ta gama ta tsaya ta faɗi abin da take faɗa wa kowa. "Hannu zai yi tsami. Wataƙila zazzaɓi ya zo, ko ciwon kai, ko kasala, musamman bayan ta biyun nan. A sha ruwa, a huta, zai wuce. Amma in aka ji ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙewa, ko zuciya na bugawa da ƙarfi, a dawo nan take, kada a jira."

"Wannan jawabin na mata da yara ne," in ji Hedimasta yana warware hannun rigarsa. Ya dubi samarin biyu. "Jibi zan koma ɗakin sama. Akwai gado, akwai kabad, akwai littattafai. Ina so ku biyu ku zo ku taya ni."

Babu wanda bai gane ba. Mutumin da ya shekara yana shirya jarrabawa ba ya mantuwa da yadda ake yi.

*

Washegari da rana Auta ta tashi daga aiki ta zagaya shagon. Zarto yana rataye, tukunyar gam ta bushe. Ta same shi kwance a kan bencin aiki, ya lulluɓa da tsohon labulen wani kwastoma, haƙoransa na haɗuwa.

"Likita," ya ce. "Kin zo ganin aikinki?"

"Mai zarto, rufe min baki." Ta ɗora bayan hannu a goshinsa. "Ka sha ruwa?"

"Na sha. Me kika zuba min ne? Ji nake kamar an kwance ni an sake haɗawa ba da kusa ba."

Ta jawo kujera mai ƙafa uku da ba a gama ba ta zauna a gefe.

"Ba cuta na sa maka ba. In aka ba ka aikin kujeru da yawa, me kake fara yi?"

"Samfur. In yanka ɗaya, in ajiye, in riƙa aunawa da shi."

"To haka allurar mRNA take. Saƙo take kai wa jikinka ya ƙera samfurin ƙayar da ke jikin ƙwayar cutar, ita kaɗai, ba cutar ba. Garkuwar jikinka ta gani ta haddace. Wannan zafin da kake ji, hayaniyar shago ce, ana aiki."

"Shi Injiniya fa? An ce yau har ƙwallo ya buga."

"Wani jikin yana aikinsa shiru. Shi ma ya samu kariya, kai ma ka samu. Zazzaɓi ba ya nuna rago, rashinsa ba ya nuna jarumi."

"Ki je ki faɗa wa Baba."

Ta kau da kai. Ya juyo ya dube ta, idanunsa sun yi ja.

"Kar ka zo gobe," ta ce. "Don Allah. Zan ce an kira ka aiki."

"Sai ya ce na gudu."

"Bari ya ce."

"In ya ce, shi ke nan an gama. Kin san Gwaggo a bakin ƙofa take tsaye. Ni ba ni da mota, ba ni da digiri. Abin da nake da shi hannu ne da baya. In ban kai su ba, me zan kai?"

Hawayen da ta riƙe tun daga asibiti suka zubo. "Ni ban ce ina son baya ba. Wa ya ce maka bayanka nake so? Na ga yadda aka dawo da Yaya gidan nan. Kullum ina ganinta tana wanke kofi ɗaya. Kana so in koyi wanke kofi ɗaya ne?"

"Haba Likita. Kabad ne fa. Ni na ƙera shi, na san inda ake kama shi."

"Ƙirjinka fa? Kana jin wani abu?"

"Ke ce a ciki, sai dai nauyinki."

"Ba wasa nake ba."

"Babu komai, wallahi."

A ranar gaskiya ya faɗa.

*

Da hantsi aka fara aikin. Hedimasta ya sa an fito masa da kujera tsakar gida inda zai ga matakala. Rana ta take, kowa na gumi, shi kuwa ya sa rigar sanyi a ƙarƙashin rigarsa, ya ce likitocin zamanin da sun tabbatar gumi na wanke jini. Mama tana kai masa shayi a kai a kai, ba ta kallon kowa.

Gwaggo ta zo da wuri, ta zauna a gefensa kamar mai sa ido a ɗakin jarrabawa.

Injiniya ya iso cikin farar riga yana ƙamshi. Ya auna faɗin matakala da ido, ya yi bayani a kan nauyi da kusurwa, sannan ya ɗauki fitilar tebur ya hau da ita cikin natsuwa. Ba mugu ba ne. Tun yana yaro aka gaya masa kansa ne zai yi aiki, shi ma ya yarda.

Kafinta ya kwance gado ya hau da shi gunduwa-gunduwa, ya haɗa a sama. Ya sauko ya fara jidar littattafai. Zazzaɓin ya sauka, ya ce, garau yake.

Auta tana tsaye a ƙofar kicin tana kallon abin da aka koya mata kallo. Leɓensa ya yi fari. Duk hawa sai ya tsaya a kwanar matakala, ya juya baya kamar yana gyara takalmi.

Aka zo kan kabad. Injiniya ya kama sama, wato ya ɗora hannu a sama. Nauyin duka ya sauka a kafaɗar na ƙasa. Da suka kai kwana Kafinta ya ce a ajiye. Kabad ya zauna a karkace, ya cinye matakalar sai ɗan tsagi a gefen bango.

Ta gan shi ya dafe ƙirji da tafin hannu.

Ba ta san lokacin da ta hau ba. "Tun yaushe?"

"Yanzu zai wuce."

"Na ce tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun asuba. Kamar an ɗora min katako. In na ja numfashi sai ya soke ni."

Ta kama wuyan hannunsa. Jijiyar tana gudu ba tsari.

"Sauko. Asibiti za mu."

"Saura kaɗan fa, Likita. Taku nawa ne..."

"Sauko!"

Muryarta ta cika gidan. Gwaggo ta tafa hannu.

"Ikon Allah! Kabad ɗaya? Hedimasta, ka gani da idonka. Allurar da ko sauro ya fi ta zafi."

Hedimasta bai tashi ba. Ya riƙe hannun kujera da ƙarfi. "Auta, sake shi. In namiji ne ya ƙarasa. In ba zai iya ba ya faɗa da bakinsa, ya kama hanya."

"Baba, ƙirjinsa ne. Na faɗa muku a asibiti, wannan ba irin wanda ake jira ba ne."

"Kin faɗa. Ni ma na faɗa. In kika fita ƙofar nan da shi, kin zaɓa ke nan, kuma ni ma zan zaɓa."

Kafinta ya zame hannunsa daga nata a hankali, ya juya ya sake sa kafaɗa a jikin kabad.

"Ajiye shi."

Ba Auta ce ta yi maganar ba. Yaya ce, daga bakin famfo, da kofi a hannu. An daɗe ba a ji muryarta ta wuce gaisuwa ba, har Mama ta saki faranti.

"Baba, kun ce mijina raggon jiki ne. Ban taɓa ba ku amsa ba. Yau zan ba ku." Ta ajiye kofin. "Kwana da kwanaki yana numfashi da ƙyar. Na roƙe shi, na durƙusa masa, mu je asibiti. Kun san me ya ce? Ya ce in Baba ya ji an kwantar da shi a kan mura, da wane ido zai shigo gidan nan. Ranar da ya yarda muka tafi, ɗaukarsa aka yi. Likita ya tambaye ni me ya sa muka makara. Na rasa abin faɗa. In ce masa a gidanmu ba a zazzaɓi?"



"Ba rago ba ne, Baba. Ladabi ne ya yi masa yawa." Ta juya ga Injiniya. "Kai, ɗauko makullin motarka. Yau dai ta yi amfani."

Injiniya ya dubi mahaifiyarsa. Sannan ya ɗauko.

*

A asibiti aka manna masa wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini. Auta ta tsaya a bayan labule, karo na farko a matsayin 'yar rakiya a gidan aikinta.

Likitar zuciya ta fito, mace mai magana a taƙaice. "Tsokar zuciyarsa ce ta ɗan kumbura. Ba kasafai yake faruwa bayan allurar nan ba, amma in zai faru, samari ya fi samu, bayan ta biyu. Ita kanta korona tana jawo shi, har ma fiye. Yawanci suna warkewa sarai da magani da hutu. Za mu riƙe shi mu sa ido." Ta dubi Auta ta saman tabarau. "Wa ya bar shi ya ɗauki kaya yana ciwon ƙirji? Ke ba ki faɗa masa ba?"

"Na faɗa."

"To. Ba ɗaukar nauyi, ba aikin ƙarfi, sai bayan watanni, sai na ce."

Kafinta ya ji. Yana da aikin teburan wata makaranta da za a buɗe ƙarshen wata, aikin da ya ɗora shirin aurensu a kai. Ya dubi silin.

"Sai su ba wani," ya ce. Can ya ƙara, "Na faɗi jarrabawa, ko?"

Ta zauna a bakin gadon tana kuka ba sauti. "Da ka mutu a matakalar nan, ni ce na yi maka allurar, ubana ne ya ɗora maka kayan. Ina zan sa kaina?"

"Ban mutu ba. Ki daina jiƙa musu zanin gado, ke za a sa ki canza." Ya lumshe ido. "Abu ɗaya ke damuna. Na bar aiki a rabi. Ban taɓa ba."

*

Da la'asar ta koma gida. Kabad yana nan a kwana. Gwaggo tana falo da waya a kunne, tana faɗa wa wani ranar Juma'a za su zo da manya a yi maganar auren Auta da ɗanta, an riga an ga abin da za a gani.

Kujerar tsakar gida babu kowa.

Auta ta matse ta tsagin bango ta hau sama. Ɗakin sabon fenti yake wari. A kan gadon da Kafinta ya haɗa da safe, Hedimasta yana kwance cikin barguna, gadon na girgiza da shi. Mama tana matse tawul a roba.

"Tun jiya," Mama ta ce ƙasa-ƙasa. "Da ƙyar na hawo da shi."

Auta ta sa masa ma'aunin zafi, ta duba, ta kama hannunsa ta saurari bugun. "Baba, ƙirjinku yana ciwo? Numfashi fa?"

Ya girgiza kai.

"Ku dube ni. Gaskiya nake so."

"Babu." Muryar ba ta Hedimasta ba ce, ta wani tsoho ce. "Sanyi kawai. Da gaɓoɓi."

"Na allura ne. Zuwa gobe ko jibi zai sauka." Ta ɓallo farasitamol ta ba shi. Ya haɗiye ba jawabi.

Daga ƙasa Gwaggo ta ɗaga murya. "Wai ina Hedimasta ya shige ne? Lafiya kuka cunkushe a sama? Wa ye ba lafiya?"

Auta ta miƙe da ma'aunin a hannu. Abu ne mai sauƙi. Ta leƙa ta ce Gwaggo hawo ki gani, shi ke nan jarrabawa ta rushe, Juma'a ta rushe, babu sauran mai kiran wani rago a gidan nan. Ta kai bakin ƙofa.

Mama ta riƙe mata gefen riga. 

Hedimasta ya buɗe ido. "Yaron," ya ce. "Yana nan?"

"Yana nan, Baba. Sun ce zai warke. Amma sai ya yi watanni bai ɗaga komai ba. Aikin makarantar ma ya tafi."

 Wani ruwa ya gangaro ta gefen idonsa ya shige kunne, Mama ta share da tawul kamar gumi ne.

"Yayarki fa?"

"Tana ɗakinta."

"Ban sani ba," ya ce. "Mijin nata bai faɗa min ba."

Babu wanda ya tuna masa dalili.

Ya ja bargo zuwa haɓa, ya gyara murya, wani abu na tsohon Hedimasta ya dawo. "Kabad ɗin nan kada kowa ya taɓa shi. Ni ba na karɓar aiki rabi. Wanda ya fara shi zai ƙarasa, ko wata nawa zai ɗauka. Sai an kawo shi ɗakin nan zan saurari maganar kowa."

Auta ta matso kusa da gadon. "Gwaggo ta ce Juma'a za su zo."

"Na ji ta. Ba kurma ba ne ni."

"Ku za ku faɗa mata?"

Ya rufe ido. Hedimasta bai taɓa janye magana a gaban jama'a ba, kuma bai taɓa musa wa yayarsa ba. Wanne zai fara karyawa kafin Juma'a, Auta ba ta sani ba, da alama shi ma haka.

"Ba ku ji ina magana ba ne?" in ji Gwaggo. An ji takunta a matakala, sannan aka ji ta tsaya. Tsagin bai ɗauke ta ba. "Wannan wane irin shirme ne a hanya? Na ce wa ye ba lafiya?"

Mama ta saki rigar Auta. Ta ɗauki tawul ɗin mai ɗumi ta ɗaura a goshinta, ta ɗauki kwalin maganin ta riƙe a inda za a gani. Ta fita.

"Ni ce, Gwaggo," ta ce. "Allurar nan ce ta kayar da ni. Malam yana zaune da ni ne."

"Ke dai kullum ke ce. Sai ka ce ba a gidan nan kike cin abinci ba."

"Wallahi kuwa."

Ta juya gefe, ta manna bayanta da bango, ta fara bi ta tsagin a hankali saboda gwiwarta, ƙusar kabad tana jan zaninta. Akwai abincin Malam da za a hawo da shi, da ruwan alwala, da shayi, yau da gobe da sauran watannin. Ta sauka ta ɗora ruwa a wuta.